Tambaya da Amsa: Zanga-zangar Ƙin Jinin Shugaba Mai Jiran Gado

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun karkata ne zuwa ga batu guda, wato zanga-zangar da jama'a kan fito su yi a tsakanin ranar da aka sanar da sakamakon zaɓe da ranar da za a rantsar da sabon shugaban ƙasa. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na rage tsawonsu ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya ta farko: Assalamu alaikum. Malam, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Na tuna lokacin da aka zaɓi Donald Trump karo na farko a Amurka, tun kafin a rantsar da shi mutane suka cika tituna suna cewa shi ba shugabansu ba ne. Mutumin da bai sa hannu a kan doka ko ɗaya ba, bai shiga ofis ba balle ya zalunci wani, da wane laifi ake yi masa zanga-zanga? Ashe wannan ba raina waɗanda suka zaɓe shi ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka tana da tushe, kuma mutane da yawa masu hankali a cikin Amurka kanta sun yi irin wannan ƙorafi a wancan lokaci, don haka ba zan ture ta da baki ɗaya ba. Bari mu fara da abin da ya faru. An yi zaɓen ne ranar 8 ga Nuwamba, 2016, kuma tun daga washegari aka fara jerin gwano a biranen New York da Chicago da Los Angeles da Portland da wasunsu, aka shafe kwanaki ana yi. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne tsarin zaɓen ƙasar, inda ba yawan ƙuri'un jama'a ne ke naɗa shugaba kai tsaye ba, wakilai 538 ne da aka rarraba wa jihohi, kuma duk wanda ya samu 270 daga cikinsu shi ne ya yi nasara. Trump ya tashi da wakilai 304, Hillary Clinton ta tashi da 227, alhali kuwa a ƙidayar ƙuri'un jama'a Clinton ta fi shi da kusan ƙuri'a miliyan 2.9. Bisa doka babu tantama Trump ne ya ci, Clinton ma ta kira shi a daren ta amsa shan kaye, ta kuma fito da safe ta faɗa wa magoya bayanta haka. Sai dai miliyoyin mutane sun wayi gari suna ganin su ne suka fi yawa, ga shi kuma wanda suka ƙi shi ne zai hau.

Inda ban yarda da kai ba shi ne cewar da ka yi bai yi komai ba. Ɗan takara yakan shafe shekara guda ko fiye yana faɗa wa jama'a abin da zai yi idan ya hau, kuma magana zarar bunu ce. Trump ya yi alkawarin gina katanga a kan iyakar ƙasarsa da Meziko, a watan Disamba na 2015 ya yi kira da a dakatar da shigar Musulmi ƙasar gaba ɗaya, ya sha alwashin soke dokar inshorar lafiya ta zamanin Barack Obama, sannan a watan Oktoba na 2016 aka fitar da wata tsohuwar muryarsa da aka naɗa yana maganganun batsa a kan mata. Waɗanda suka fito tituna sun ɗauki mutumin da gaske ne a kan abin da ya faɗa da bakinsa. Mako ɗaya kacal bayan rantsar da shi, ranar 27 ga Janairu, 2017, ya sa hannu a kan umarnin hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga Amurka na wani lokaci, wanda hakan ya nuna cewa fargabar tasu ba ta banza ba ce. Ka kuma lura cewa makonni goman da ke tsakanin zaɓe da rantsuwa a Amurka ba lokacin hutu ba ne, domin a cikinsu ne ake bayyana sunayen ministoci, ake tsara abin da za a fara da shi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya kamata mu rarrabe, kuma a nan ne nake ganin yawancin muhawarar ke rikicewa, shi ne akwai zanga-zanga iri biyu da suka yi kama a ido amma suka bambanta a manufa. Akwai waɗanda ke cewa sun san wannan mutum zai yi rantsuwa kuma ba za su hana shi ba, amma suna so ya sani, duniya ma ta sani, cewa akwai jama'a masu yawa da ba su amince da manufofinsa ba kuma za su sa masa ido. Akwai kuma waɗanda ke cewa sakamakon ƙarya ne, kada a kuskura a miƙa masa mulki. Iri na farko haƙƙi ne tsantsa. Gyara na farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya tabbatar da 'yancin taruwa cikin lumana, haka ma sashe na 20 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Duniya ta 1948, kuma babu inda aka ce wannan 'yanci yana barci daga ranar zaɓe zuwa ranar rantsuwa. Wanda ɗan takararsa ya faɗi bai daina zama ɗan ƙasa ba, kuma fitowarsa titi ba ta rage ƙuri'ar maƙwabcinsa da ya zaɓi wanda ya ci. Iri na biyu kuwa yana ɗauke da nauyi mai girma, wanda zan yi bayaninsa a amsar tambaya ta uku.

Wannan al'ada ma ta girmi Trump nesa ba kusa ba. A 1969 masu adawa da yaƙin Biyetnam sun jefi ayarin motocin Richard Nixon ranar rantsar da shi, a 2001 kuma dubbai sun tsaya a gefen hanyar da George W. Bush ya bi, bayan zaɓen da ratar ƙuri'a 537 a jihar Florida da hukuncin Kotun Ƙoli suka raba gardamarsa.

Duk da haka, akwai wurin da nake tare da kai. Taken nan na cewa wane ba shugabana ba ne bai taɓa kwanta mini ba, domin a doka ba gaskiya ba ne, kuma yana koya wa jama'a cewa halaccin shugaba ya dogara ne ga ko zuciyarsu ta karɓe shi. Wanda ya furta shi a yau ba shi da bakin hana abokin hamayyarsa furta shi gobe, kuma shekara huɗu kawai aka yi ɗaya ɓangaren ya ɗauki irin wannan harshe ya kai shi inda ya fi muni.

Tambaya ta biyu: Malam, barka da aiki. Ni a ganina wannan fitowa ihu bayan hari ce. An riga an kaɗa ƙuri'a, an ƙirga, an sanar. Na ga hotunan tattakin matan Amurka na 2017, jama'a kamar ƙasa, amma mutumin ya yi shekarunsa huɗu cif, daga baya ma ya sake dawowa. To mene ne amfanin wahalar?

Amsa: 'Yar'uwa, idan ma'aunin shi ne ko tattakin ya hana Trump mulki, to kin yi gaskiya, bai hana ba, kuma masu shirya shi ba su ce zai hana ba. An yi shi ne ranar 21 ga Janairu, 2017, kwana ɗaya bayan rantsuwa. Ya samo asali ne daga wani kira da wata lauya mai ritaya a jihar Hawaii ta wallafa a Facebook bayan fitowar sakamako, sai ga shi kusan mutum rabin miliyan sun hallara a birnin Washington kaɗai, masu bincike kuma suka ƙiyasta cewa tsakanin mutum miliyan 3 zuwa miliyan 5 ne suka fito a ɗaruruwan garuruwa a faɗin ƙasar, ban da waɗanda suka yi nasu a Landan da Paris da sauran biranen duniya. Duk wannan bai hana shi naɗa alƙalai uku a Kotun Ƙoli ba, bai kuma sauya ra'ayin magoya bayansa ba.

Amfanin irin wannan taro yana wani wuri ne daban. Mutumin da ya sha kaye a zaɓe yakan koma gida yana jin shi kaɗai ne, kuma wanda ya ji shi kaɗai ne yakan janye daga harkar siyasa baki ɗaya. Ranar da ya tsaya cikin dubban mutane masu irin damuwarsa, sai ya san yawansu, ya karɓi lambar wayar wani, ya shiga wata ƙungiya a unguwarsu, wata kuma ta yanke shawarar tsayawa takara. A zaɓen rabin wa'adi na Nuwamba 2018 jam'iyyar Dimokurat mai adawa da Trump ta ƙwace rinjaye a Majalisar Wakilai da ƙarin kujeru kimanin 40, kuma a karon farko a tarihin ƙasar mata fiye da 100 suka shiga wannan majalisa. Dalilai da yawa ne suka haɗu suka haifar da hakan, har da cewa jam'iyyar shugaba mai ci ta saba asarar kujeru a irin wannan zaɓe, amma ƙungiyoyin da suka tsiro bayan tattakin suna cikin waɗanda suka bi gida-gida suna fitar da masu zaɓe.

Akwai misalin da ya fi wannan tsufa, wanda kuma ya fi taɓa zuciyata. Ranar 3 ga Maris, 1913, ana gobe za a rantsar da Woodrow Wilson, dubban mata ƙarƙashin jagorancin Alice Paul suka yi jerin gwano a titin Pennsylvania da ke Washington suna neman 'yancin kaɗa ƙuri'a. Sun zaɓi ranar ne da gangan domin sun san idon ƙasar duka yana kan birnin. 'Yan kallo suka yi musu ature da zagi, aka kai mutum fiye da ɗari asibiti, Wilson kuma ya hau mulki ba tare da ya goyi bayan buƙatarsu ba. Wanda ya auna wannan fitowa a washegarinta zai ce ta faɗi, amma a 1920 aka shigar da 'yancin mata na zaɓe cikin kundin tsarin mulki, bayan shekara bakwai na aikin da bai tsaya ba. A ganina tattaki ƙidayar kawuna ce da ɗaura niyya, kuma darajarsa tana bayyana ne a aikin da ya biyo bayansa.

Tambaya ta uku: Malam, ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne. Shin an taɓa samun inda zanga-zanga ta hana wanda aka ayyana a matsayin zaɓaɓɓe hawa kujerar mulki? Idan an taɓa, me ya bambanta ta da abin da magoya bayan Trump suka yi a majalisa a 2021, wanda kowa ke Allah wadai da shi?

Amsa: An taɓa, ɗana, kuma misalin da ya fi fitowa fili shi ne na ƙasar Yukren a 2004. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ranar 21 ga Nuwamba, hukumar zaɓe ta bayyana Firaminista Viktor Yanukovych a matsayin wanda ya ci. Dubban ɗaruruwan mutane suka yi zaman dirshan a Dandalin 'Yanci da ke birnin Kiev cikin tsananin sanyi, sanye da tufafi masu launin ruwan lemo na ɗan takarar adawa Viktor Yushchenko. Abin lura shi ne ba taron ne ya soke zaɓen ba. 'Yan adawa sun kai ƙara da hujjoji, masu sa ido na ƙasashen waje sun ce zaɓen bai cika sharuɗɗa ba, alƙaluman fitowar masu zaɓe a lardin Donetsk sun haura kashi 95 cikin ɗari, abin da hankali bai ɗauka ba, sai Kotun Ƙoli ta soke zagayen ranar 3 ga Disamba ta ba da umarnin a sake. Aka sake ranar 26 ga Disamba, Yushchenko ya ci da kusan kashi 52. Aikin da masu zanga-zangar suka yi shi ne hana a binne maganar kafin kotu ta duba ta, da kuma ba alƙalai ƙarfin gwiwar yin hukunci ba tare da tsoron gwamnati mai ci ba. Haka aka gani a Malawi, inda bayan watanni ana zanga-zanga a kan zaɓen Mayu 2019, wanda aka yi amfani da farin ruwan goge rubutu aka sauya alƙaluma a takardun sakamakonsa, kotu ta soke shi a Fabrairu 2020, Lazarus Chakwera kuma ya ci zaɓen da aka sake a watan Yuni.

Yanzu ka dubi 6 ga Janairu, 2021. Kafin wannan rana Trump da magoya bayansa sun shigar da ƙararraki fiye da 60 suna zargin maguɗi, kuma kusan dukkansu sun faɗi, wasu ma a gaban alƙalan da shi da kansa ya naɗa. Ministan shari'arsa William Barr ya fito ya ce ba a ga maguɗin da zai iya sauya sakamako ba. Ma'ana an bi hanyar doka har ƙarshenta, ta ba da amsa, amsar ce ba ta yi wa wasu daɗi ba. Taron da ya fasa ginin majalisa a lokacin da 'yan majalisa ke tabbatar da nasarar Joe Biden ya je ne don ya dakatar da aikin doka da ƙarfi, aka raunata 'yan sanda kimanin 140, majalisar kuma ta koma zama cikin dare ta kammala aikinta. Shekara biyu bayan haka aka maimaita kusan irinsa a Burazil, inda magoya bayan shugaba Jair Bolsonaro, wanda ya faɗi zaɓe, suka shafe makonni suna zaune a ƙofar barikokin soja suna roƙon sojoji su hana Lula da Silva hawa mulki, sannan ranar 8 ga Janairu, 2023, mako ɗaya bayan rantsar da shi, suka afka wa majalisa da fadar shugaban ƙasa da Kotun Ƙoli a birnin Brasilia.

Bambancin ke nan. A Kiev taron ya tsaya a waje yana neman a bar kotu ta yi aikinta, yana kuma shirye ya koma akwatin zaɓe. A Washington da Brasilia taron ya kutsa ciki ne domin ya ɗora hukuncinsa a kan na kotu da na akwati. Ina ba ka shawara ka riƙa yin tambayoyi biyu a kan duk wata zanga-zanga da ke cewa an yi maguɗi, ko ta ɓangaren da kake so ce ko ta wanda ba ka so: shin akwai hujjar da za ta iya tsayawa a gaban alƙali, kuma shin jagororin za su karɓi hukuncin idan bai zo musu yadda suke fata ba?

Akwai kuma wani misali da ya faɗo a tsakiya, wanda ya cancanci nazarinka. A Meziko a 2006 Felipe Calderón ya ci da ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, abokin takararsa Andrés Manuel López Obrador ya ƙi amincewa, magoya bayansa suka kafa tantuna a babban titin Reforma fiye da makonni shida suna neman a sake ƙirga kowace ƙuri'a. Kotun zaɓe ta tabbatar da Calderón, shi kuma López Obrador ya ayyana kansa a matsayin halattaccen shugaba, har rantsuwar ranar 1 ga Disamba ta kasance cikin 'yan mintoci a majalisar da ke cike da hayaniya da ture-ture. Toshe titin ya ɓata wa mazauna birnin da yawa rai, amma ba a zubar da jini ba, kuma mutumin ya koma ya ci gaba da neman kujerar ta hanyar zaɓe har ya same ta a 2018 da kashi 53.

Tambaya ta huɗu: Malam, abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda irin wannan fitowa kan rikiɗe ta zama tarzoma. Ba zai fi alheri ba hukuma ta hana duk wata zanga-zanga har sai an kammala miƙa mulki?

Amsa: Tsoronka yana kan hanya, ɗan'uwa, amma maganin da ka kawo yakan ƙara cutar. Wanda aka hana shi faɗin damuwarsa da rana tsaka cikin tsari ba ya daina jin ta, kuma haramcin yakan ƙarfafa zarginsa cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966 a kan 'yancin jama'a da na siyasa ta yarda a sa wa taro iyaka saboda tsaro, a sashe na 21, amma da sharaɗin iyakar ta zama dole kuma daidai gwargwado. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke fassara ta ya bayyana a 2020 cewa ɓarnar da wasu tsiraru suka yi ba ta isa a ɗora wa dukan taro laifi ba, aikin 'yan sanda shi ne su ware ɓata-gari su kare sauran. Ranar rantsar da Trump a 2017 wasu sun farfasa gilasai sun ƙona mota a Washington, aka kama mutum fiye da 200 a dunƙule, daga baya kuma aka janye tuhumar da ake yi wa mafi yawansu, alhali washegari taron da ya ninka wancan sau ɗaruruwa ya watse ba a kama kowa a birnin ba.

Abin da ke mayar da zanga-zanga zubar da jini yawanci shi ne rashin wurin kai kuka da jama'a suka amince da shi, da shugabannin da ke jingina rikicin ga ƙabila ko addini, da jami'an tsaro masu harbi da harsashi mai rai. A Kenya an sanar da nasarar Mwai Kibaki ranar 30 ga Disamba, 2007, aka rantsar da shi cikin gaggawa da yammacin ranar, aka haramta tarukan 'yan adawa, ɓangaren ɗan takarar adawa Raila Odinga kuma ya ƙi zuwa kotu saboda bai yarda da 'yancinta ba. Mutum fiye da 1,100 suka rasa rayukansu, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu, sai da Kofi Annan ya shiga tsakani aka cimma yarjejeniyar raba mulki ranar 28 ga Fabrairu, 2008. Gyaran da 'yan Kenya suka yi bayan haka bai nufi hana mutane fitowa ba. Kundin tsarin mulkinsu na 2010 ya ba mai ƙorafi kwana bakwai ya kai ƙara Kotun Ƙoli, ya ba kotun kwana 14 ta yanke hukunci, ya hana a rantsar da kowa kafin hukuncin, ya kuma wajabta a yi rantsuwar a bainar jama'a. A ƙarƙashin wannan tsari ne kotun ta soke zaɓen shugaban ƙasa ranar 1 ga Satumba, 2017, ta ba da umarnin a sake shi cikin kwana 60.